Kukan Kujera

Ƙarfe ɗaya na dare a Sabuwar Unguwa
wuta ta dawo, ba sallama, kamar mai bin bashi.
Na kunna kwamfuta,
fankarta na nishi irin na tsohuwar besfa a hawa.

Tun Talata Mannir ya turo fim ɗinsa:
direban tanka zaune a barandar asibiti,
hula a gwiwa, minti huɗu bai ce uffan ba.
"Sa mini kiɗa mai nauyi," in ji shi,
"wanda zai zauna a ƙirji ya ƙi tashi,
amma kada ya yi kuka.
Kukan na masu kallo ne."
Ya haɗo da dubu tamanin, har kuɗin data a ciki.

Kasuwar sauti ba ta da rumfa,
ba dillali, ba tayi, ba mai ce maka albarka.
Ka ɗanɗana da kunne, ka ga farashi, ka haɗiye miyau.

Na farko, masu goge sittin a zaure guda,
ga ƙahonin tagulla, ga ganguna masu kaɗa haƙori.
Na saurara har tsigar jikina ta tashi.
Dala ɗari biyar.
Na buga lissafi a waya, na share, na sake bugawa,
hayar ɗakina ce ta shekara biyar.
Ko kyauta aka ba ni, ina zan zuba shi?
Giwa ce, ni kuwa akurki gare ni.

Na biyu kyauta ne, ya kuma nuna.
Gogensa sauro ne a cikin kwalba,
sarewarsa ba ta jan numfashi,
komai fes, komai a wanke,
kamar kwanon da ba a taɓa cin tuwo a ciki ba.

Na uku na same shi can ƙasa, inda ba a talla.
Mutum huɗu kacal, da manyan goge masu muryar maza,
suna ja a hankali, kamar masu tsoron tada jinjiri.
Dala talatin da tara.
Katina ya ƙi, ya ƙi, ya sake ƙi.
Sada mai shagon waya a Ƙofar Ƙaura ya biya da nasa,
ya ce, "Kai dai da sayen iska."
Dare uku ina gadin layin da ke rarrafe,
giga tara, da datar tsakar dare,
shayi ya huce, sauro ya ƙoshi.

Da na danna maɓalli na can hagu,
sautin ya taso daga ƙasa kamar hadarin gabas.
A daƙiƙa ta shida sai na ji wani abu:
ƙiiƙ.
Na koma baya. Ƙiiƙ.
Kujerar mai gogen ce ta motsa,
ga kuma numfashinsa, siriri, kafin ya ja.
Wani bawan Allah, a ƙasar da ban san sunan titinta ba,
bayansa ya gaji ranar da aka naɗe shi,
ya gyara zama,
masu tacewa ba su ji ba,
ko sun ji, kuɗin sakewa ya ƙare musu kamar ni.

Na ɗauko almakashin na'ura zan datse.
Hannuna ya tsaya.
Na ja sautin, na kai shi daidai inda direban
ya ɗaga kai don ƙofa ta buɗe,
ba kuma shi aka kira ba.

Asuba ta yi, ladanin unguwa ya gyara murya,
wuta ta tafi yadda ta zo.
Saura naira dubu huɗu da ɗari shida.

Da la'asar Mannir ya kalla a wayarsa,
tsaye, jingine da babur, kunne ɗaya a toshe.
Ya daɗe bai yi magana ba.
Sannan ya ce, "Wannan kukan bencin fa?
Ni na ɗauki hoton nan da hannuna,
bencin siminti ne."

Na ce masa, sha shayinka.